Allon Talla Mai Kashe Ido: Wa Zai Ce A Rage?

 'Yan matanmu na makaranta ku matso kusa, domin maganar yau tana da ɗan lissafi a ciki, ku ne kuwa za ku taya iyayenku.

Idan kin taɓa bi ta wani babban shataletale a Kano, ko Kaduna, ko Abuja bayan isha'i, babu shakka idonki ya gamu da allunan tallan nan na zamani masu kama da talabijin. Dā can allon talla takarda ce ake liƙawa, ko kuwa mai fenti ya hau tsani ya zana, idan dare ya yi shi da duhu duk ɗaya. Na yanzu shi ke ba da haskensa da kansa, yana juya hoto daga shinkafa zuwa katin waya, daga katin waya zuwa fuskar ɗan takara, ba ya gajiya, ba ya barci. Wata za ta ce, ina ruwan filin mata da allon talla? To, hasken nan ba ya tsayawa a filin mai shi. Yana shiga ta tagar ɗakin da yaranki ke kwana, yana dukan idon direban da ya ɗauko ki daga unguwa. Bayan haka, mata da yawa yanzu suna da shagon ɗinki, ko na kitso da lalle, ko ɗan kantin kayan masarufi, kowane kuwa da allonsa a ƙofa, watau duk dokar da aka yi a kan alluna za ta iske su har gida.

Abin da ya tayar da zancen shi ne gardamar da aka yi a Sao Paulo, babban birnin kasuwanci na ƙasar Birazil, mai mutane fiye da miliyan 11. A 2025 majalisar birnin ta tattauna wani ƙuduri na sassauta dokar alluna, domin a bar manyan allunan lantarki a wasu titunan tsakiyar gari. Masu goyon baya suna cewa so suke su sami irin Times Square ta New York, masu suka kuwa suna cewa za a rushe abin da aka yi shekaru ana ginawa. Kafin ki gane abin da ya sa mutane suka ɗauki zafi, sai kin ji dokar da ake so a sassauta.

A watan Satumba na 2006, zamanin magajin gari Gilberto Kassab, majalisar birnin ta zartar da wata doka da suka raɗa wa suna Birni Mai Tsabta. Kansiloli 45 suka yarda, 1 kaɗai ya ƙi, shi ɗin kuwa mutumin harkar talla ne. Dokar ta fara aiki a farkon 2007. Ta hana manyan allunan talla a kan tituna ƙwaf, ta hana liƙa talla a jikin bene, da jikin bas, da tasi. Aka sauke manyan alluna wajen 15,000, har ya zama an daɗe ana ganin ƙarafunansu tsaye a kan rufin gidaje babu komai a jiki, kamar ƙashin kifin da aka cinye tsokarsa.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi da allon ƙofar kanti, domin nan ne aka nuna an zauna an yi tunani. Ba a hana mai kanti rubuta sunansa ba, awo aka ba shi. Idan faɗin gaban kantinki bai kai mita 10 ba, allonki ba zai wuce murabba'in mita 1.5 ba, watau bai ma kai ƙyauren ɗakinki girma ba. Daga mita 10 zuwa ƙasa da 100, an ba ki murabba'in mita 4, kamar faɗin babban gadon amarya. Sai wanda gabansa ya kai mita 100 ne aka yarda ya sa alluna 2. Wanda ya karya doka kuwa tararsa tana farawa daga real 10,000, kuɗin ƙasar. Kin ga kyawun irin wannan doka: duk mai igiyar awo, ko da tef ɗin ɗinki ne, tana iya sanin ko tana kan daidai. Ma'aikaci ba shi da halin zuwa ya ƙare wa allonki kallo, ya dubi tufafin jikinki, sa'an nan ya yanka miki kuɗi yadda ya ga dama. Banki da mai sayar da burodi, idan faɗin gabansu ɗaya ne, allonsu ɗaya ne.

Kada ki ɗauka kowa ya yi murna. Kamfanonin talla sun kai ƙara kotu, sun ce za a kashe ayyukan mutane da yawa, kuma gari zai yi duhu ya zama abin tsoro da dare. Ƙananan 'yan kasuwa ma sun ji jiki, tun da sai da kowa ya sa kuɗinsa ya cire tsohon allo ya yi sabo, wani kuma da ya cire sai ya tarar bangon da allon ya rufe shekara da shekaru duk ya tsattsage, dole ya yi gyara. Wani ɗan jaridar birnin ya ba da labari a lokacin cewa sai da aka sauke allunan wata hanya mutane suka lura ashe akwai unguwar marasa galihu a bayansu, ana wucewa kullum ba a ganinta. Ashe allo ba talla kaɗai yake yi ba, har rufa wa hukuma asiri yana yi.

Daga baya birnin da kansa ya buɗe wa talla ƙofa, amma 'yar ƙarama, kuma da sharaɗi. A 2012 aka ba kamfanoni kwangilar kafa agogunan kan titi da rumfunan jiran bas, su kula da su, ladansu kuwa shi ne su sa talla a jiki. Watau kamfani ya sami inda zai nuna hajarsa, matar da ke jiran bas da goyo ta sami inuwa. Wannan ciniki ne da nake ganin babu wanda aka cuta.

To, amma a 2006 damuwar mutanen Sao Paulo yawan alluna ce da girmansu. Allon lantarki lokacin yana da tsada, ba kowa ke iya saye ba. Yanzu ya yi araha, shi ya sa gardamar ta koma kan haske, kuma nan ne yawancin garuruwa ke tuntuɓe, domin igiyar awo ba ta auna haske.

Ga yadda ake aunawa. Ma'aunin ana ce masa nit. Idan kika sami allo mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, aka ce yana da nit 300, to, hasken da yake jefo miki idan kina tsaye a gabansa ya yi kusan na kyandir 300 a kunne wuri ɗaya. Allon da zai ja da ranar tsaka har a iya karanta shi yana bukatar nit 5,000 ko fiye. Fuskar wata daren goma sha huɗu kuwa wajen nit 2,500 ce. 'Yan makaranta, ku raba mu gani. Allon da aka bari da hasken rana bayan magariba ya ninka fuskar farin wata ƙarfi sau 2, ga shi kuma ba ɗan faifai ba ne can a sararin sama, garu guda ne a tsallaken titi. Saboda haka ne ƙungiyar injiniyoyin fitila ta Ingila ta ba ƙananan hukumomin ƙasar shawarar kada babban allo ya wuce nit 300 da dare a cikin gari, a wuraren da suka fi duhu kuma a yi ƙasa da haka. Daga 5,000 zuwa 300 tazara ce babba, amma ragewar ba ta da wuya ko kaɗan. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa allon, tana gane rana ta faɗi, ta rage hasken da kanta, irin yadda wayarki ke yi idan kika shiga ɗaki mai duhu. Mai allon ma riba yake ci, domin wutar da zai sha ta ragu. Abin da ke hana shi yi kawai shi ne kishi da allon da ke kusa da nasa, kowa yana so nasa ya fi ɗaukar ido, idan kuwa babu doka babu wanda zai fara ragewa.

A garuruwa da yawa na Amurka wata hanya suke bi, wadda nake ganin ta fi dacewa da mu. Ma'aikaci yana tsayawa daga nesa da dare riƙe da ma'aunin haske, ya auna wurin allon yana kashe, ya sake aunawa yana kunne, bambancin kada ya wuce ƙimar da doka ta yanka. Dalilin da ya sa na ce ta fi dacewa da mu, kin fi ni sani. Nit 300 a titin Landan da fitilu suka haske ko'ina ba ɗaya yake da nit 300 a titin da aka ɗauke wuta, fitilun kan hanya sun mutu, allon nan kaɗai ke ci da injinsa ba. Ko fitilar ƙwai da rana ba a ganin haskenta, amma da dare takan cika ɗaki. Idan muka kwafo adadin Turawa yadda yake, za mu iya bin doka sau da ƙafa, idanunmu kuma su ci gaba da shan wahala.

Wahalar iri biyu ce, ta barci da ta hanya. Jikin ɗan Adam yana da wani sinadari, melatonin, wanda ke fitowa idan duhu ya yi, shi ke gaya wa jiki lokacin kwanciya ya yi. Haske mai ƙarfi da dare yana danne shi, musamman farin hasken nan mai ratsin shuɗi da allunan lantarki ke fitarwa. Yara sun fi manya jin abin, domin idonsu ya fi barin haske ya shiga. Masu hali za su ce a sa labule mai kauri. A watan Afrilu? Lokacin da kowa ya buɗe taga, wasu ma sun fito da tabarma tsakar gida, wa zai rufe kansa da labule mai kauri don wani kamfani ya sayar da lemon kwalba? Yarinyar da ba ta sami barci ba ita ce za ki ga tana gyangyaɗi a aji, malama ta ce mata raguwa.

Ta hanya kuwa ta fi gaggawa. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar a 2006, wanda aka sa na'urar ɗaukar hoto cikin motoci 100, ya nuna idan direba ya kau da ido daga hanya fiye da daƙiƙa 2, haɗarin ya yi karo ko ya kusa yi yana ninkawa wajen sau 2. Ga lissafi na biyu. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 33 a cikin daƙiƙa 2 ɗin nan. Ku auna mita 33 a filin makarantarku ku gani, sa'an nan ku tuna direban bai ga komai ba a duk wannan tazara. Allo mai motsi kuwa an yi shi ne takanas don ya ja ido. Shi ya sa hukumar manyan hanyoyi ta Amurka a 2007 ta ba da shawarar kowane hoto ya tsaya cik na wajen daƙiƙa 8 kafin a juya zuwa wani. Har ila yau, idan haske ya dalle ido, sai an ɗan jima kafin ya sake sabawa da duhu, dattijo kuma ya fi yaro daɗewa. A 'yan daƙiƙun nan ne mai talla ɗauke da faranti ke tsallaka titi.

Faransa ta kama abin ta wajen lokaci. Tun 2012 dokarsu ta ce a kashe allon kanti mai wuta daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe, sai fa wanda yake buɗe a lokacin. Ta kuma hana allo mai ƙyaftawa, in ban da na kantin magani da wuraren taimakon gaggawa. Wannan togaciya ta yi mini daidai, domin uwar da ta fito da tsakar dare da yaro yana zazzaɓi, idan allo ɗaya ne kaɗai ke ƙyaftawa a duk titin, ta san inda za ta nufa. A watan Oktoba na 2022, lokacin da makamashi ya yi tsada a Turai, aka sa dokar kashewa ta hau kan allunan talla na dukan garuruwa, har da manya irin Paris, da tarar da ta kai yuro 1,500. Hukumar kula da makamashi da muhalli ta ƙasar ta lissafa a 2020 cewa allon talabijin na talla mai murabba'in mita 2 kacal yana shan wuta wajen yunit 2,000 a shekara, kusan abin da gida guda ke sha a fitilu da kayan aikin gida. Ki kwatanta da yunit nawa kike saye a wata. Daga farkon 2024 kuma aka damƙa wa magadan gari aikin sa ido a kan alluna.

Amma fa rubuta doka daban, bin ta daban. A Paris har sai da wasu samari masu wasan tsalle-tsalle suka riƙa fita da dare suna ɗare bango, suna kai hannu kan makunnin da ake sawa a waje saboda 'yan kwana-kwana, suna kashe allunan kantunan da suka ƙi bin doka. Ba ina cewa 'ya'yanmu su kwaikwaya ba, a nan sai a yi musu ihun ɓarawo.

Rashin bin doka a can barci ya hana, a Indiya rai ya ci. Ran 13 ga Mayu, 2024, aka yi iska mai ƙarfi a Mumbai, watau Bombay ta finafinan Indiya, wani ƙaton allo a unguwar Ghatkopar ya rikito a kan gidan mai inda mutane suka fake. Mutum 17 suka rasu, fiye da 70 suka ji rauni. Allon ƙafa 120 ne tsawo, 120 faɗi, alhali dokar birnin ba ta yarda a wuce 40 da 40 ba, watau ya ninka abin da aka halatta sau 9. Yaya aka yi irin wannan ƙato ya tsaya kowa yana gani? Hukumar birni ta ce ba ita ta ba da izini ba, filin yana hannun 'yan sandan jirgin ƙasa ne, daga can izinin ya fito. Hukumomi biyu a kan allo ɗaya, kowace tana nuna 'yar'uwarta.

Wannan ya kamata ya sa mu shafa wa gemunmu ruwa, ko da yake mu mata ba mu da shi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a jadawali na 4, ya sa kula da tallan kan titi da alluna cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ita ma ta sa kuɗin izinin allo cikin kuɗaɗen da ƙaramar hukuma ke karɓa. Sai jihar Legas ta kafa hukumar alluna tata, LASAA, a 2006, shekarar da Sao Paulo ta yi tata dokar, wasu jihohi kuma suka bi sahu. Ba laifi ba ne jiha ta shigo, domin ƙaramar hukuma ba lallai ta iya tsare babban kamfani ba. Abin tsoro shi ne a zama biyu wajen karɓar kuɗi, ranar da allo ya faɗi ko ya dami unguwa kuma a rasa mai amsa ƙara. Ki tambayi maƙwabciyarki mai shago, za ta iya nuna miki rasit na allonta. Ki tambaye ta ko wanda ya rubuta rasit ɗin ya taɓa duba ƙusar da ke riƙe da allon, ko wayar wutar da ke bi ta bayansa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin kuwa a nan shi ne dubawa.

Ban goyi bayan mu yi irin na Sao Paulo mu sauke komai ba. Su suna da fitilun titi masu ci, mu kuwa sau da yawa hasken allon kanti ne mai tuyar awara ke rakuɓewa a ƙarƙashinsa ta yi cinikinta, shi ne kuma ke sa mace ta bi wani layi da dare hankalinta kwance. Ko New York ɗin da ake kwatance da ita, dokar gari ta 1987 ce ta tilasta wa gine-ginen Times Square sa alluna masu haske, amma a 'yan layukan wasanni da shaguna kawai, ba a unguwannin da mutane ke kwana ba. Gari yana iya ware wurin da za a yi ƙyalli da wurin da za a yi barci. Kasuwar Kwari daban, lungun gidajenmu daban.

Saboda haka idan ƙungiyarku ta mata, ko ta iyayen yara da malamai, ta sami ganawa da kansila ko wani jami'in hukumar alluna, kada a tsaya a kan kuɗi kaɗai, ko da yake shi ma a nemi a liƙa jadawalinsa a bainar jama'a, awo kaza kuɗi kaza, yadda mai ɗinki za ta san nata tun kafin a zo. A tambaye shi iyakar hasken da aka yarda da shi da dare, da wanda ke riƙe da ma'aunin. A tambaye shi ƙarfe nawa ake rage allon da ke fuskantar gidaje, ko asibiti, ko makarantar kwana, da kuma ofishin da za a kai kuka idan ba a rage ba. Kafin damina ta faɗi da iskarta, a nemi sanin ranar da injiniya ya duba ƙafafun babban allon da 'ya'yanku ke bi ta ƙarƙashinsa zuwa makaranta. Ku rubuta a takarda, ku sa hannu ku da yawa, ku riƙe kwafi.

Ke kuma mai shago, da ke aka fi saurin gyarawa. Idan allonki na ƙwan fitila ne, ki sa mai gyaran wuta ya ɗora shi a sama yana kallon ƙasa, haske ya sauka a kan rubutun da bakin ƙofarki, maimakon ya riƙa harbi daga ƙasa zuwa tagar mutane. Ki zaɓi ƙwai mai ɗan ruwan ɗorawa a kan farin nan mai kashe ido, ki bar mai ƙyaftawa ga masu kantin magani. Idan kin rufe shago ki bar ƙaramar fitila ɗaya saboda tsaro, allon kuwa ki kashe shi, tun da babu mai kawo ɗinki ƙarfe 2 na dare.